Lokaci lamba ce, daina ajiye shi da rubutu a manhajarka

Yau maganar tawa da masu haɗa manhaja ta hanyar jera bulo ce, wato masu amfani da Sketchware, Kodular, MIT App Inventor da makamantansu, inda ba sai ka zauna kana rubuta kod layi-layi ba, bulo kawai za ka janyo ka jona shi da ɗan uwansa. Amma ko ba ka taɓa haɗa manhaja ba kada ka wuce, domin in dai kana lissafin shago a Excel ko Google Sheets a wayarka, kai ma abin ya shafe ka.

Abin da nake so in tsaya a kai guda ɗaya ne. Lokaci a cikin waya lamba ce zalla. Wannan 14/03/2025 2:30 da kake gani a fuskar waya riga ce kawai aka sa wa lambar don ɗan Adam ya iya karantawa. To ra'ayina shi ne ka ajiye lambar, ka yi duk lissafinka da lambar, sai za ka nuna wa mutum sannan ka sa mata riga. Da yawa daga cikin ƙananan manhajojin da ake kawo mini in duba, na adashi, na rubuta bashin shago, na gidan gem, akasin haka suke yi: rigar suke ajiyewa su yar da lambar. Ranar farko komai lafiya lau. Sai an yi wata biyu ana zuba bayanai sannan rigima ta tashi, kuma rigimar kuɗi ce tsakanin mutanen da suka yarda da aikinka.

Bari mu fara daga tushe. Wayarka ba ta san Litinin ba, ba ta san Talata ba. Ƙirga kawai take yi tun daga ƙarfe 12 na dare, daidai shigowar 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. Wasu na'urorin sakan suke ƙirgawa, su kuwa waɗannan manhajojin bulo na Android milisakan suke ba ka, wato an raba sakan ɗaya gida 1,000. Misali, ƙirgar sakan ta kai 1,700,000,000 cif a ranar 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 11:13 na dare da sakan 20 agogon Najeriya da Nijar. In da milisakan ne sai ka ƙara sifili uku a baya, lambobin su zama guda 13. Wannan doguwar lambar ita ce bulon SystemTime na Clock ke ba ka a App Inventor da Kodular, ita ce kuma getTime na Calendar ke ba ka a Sketchware. Mutane na ganinta su tsorata su ɗauka wani shirme ne ya fito, alhali ita ce ainihin kayan.

Mu masu gyara kullum muna karo da ita. Ka canza wa waya batir ko ka yi mata filashin, ka kunna, sai ka ga kwanan wata ya koma 1970 ko wata tsohuwar shekara da kamfani ya sa. Ƙirgar ce ta koma farko. Daga nan WhatsApp ya ƙi buɗewa ya ce kwanan watan wayarka ba daidai ba ne, burauza ta ƙi shiga shafuka, mai waya ya dawo a fusace yana cewa ka lalata masa waya, alhali agogo ne kawai za a saita. A watan Fabrairun 2016 ma an yi wani abu da ya fi haka: duk wanda ya mayar da kwanan watan iPhone, daga 5s zuwa sama, ya kai shi 1 ga Janairu 1970 sannan ya kashe ya kunna, wayar makalewa take yi a kan tambarin tuffa. Sai da Apple ya fitar da iOS 9.3 a watan Maris na shekarar sannan aka toshe matsalar.

Kuma ba kowa ne ya fara ƙirga daga 1970 ba. Excel kwanaki yake ƙirgawa daga farkon shekarar 1900, shi ya sa 45292 a wurinsa 1 ga Janairu 2024 ce, 45292.5 kuma ƙarfe 12 na ranar, 45292.75 ƙarfe 6 na yamma. Scratch da ake koya wa yara yana da bulon da ke ƙirga kwanaki daga shekarar 2000. LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986, wadda injiniyoyi ke haɗa shiri a cikinta ta hanyar zana akwatuna suna jona su da layi kamar wayar lantarki, ita sakan take ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1904. Tsakanin mafarinta da na Android akwai sakan 2,082,844,800, shekara 66 kenan. Ka ga ashe in an miƙo maka lamba an ce lokaci ce, tambaya biyu za ka fara yi: daga yaushe aka fara ƙirgawa, kuma me ake ƙirgawa, kwana ne, sakan ne ko milisakan?

Na ambaci LabVIEW ne saboda wani abu da ta yi wanda ya burge ni. In ka sa akwatin nuna lamba a cikinta ka shiga wurin zaɓen yadda lambar za ta fito, za ka tarar an raba lokaci gida biyu, kowane da zaɓinsa. Na farko lokacin agogo, amsar tambayar "yaushe?". Na biyu tsawon lokaci, amsar tambayar "an ɗauki tsawon nawa?". Ko a harafin da ake rubuta tsarin da shi an bambanta su, babban T na lokacin agogo ne, ƙaramin t na tsawon lokaci. Mu ma a bakinmu ai mun raba, babu mai cewa "na yi ƙarfe biyu ina jiranka", awa biyu ake cewa. Amma manhajojin bulo da muke amfani da su ba za su riƙe maka hannu ba. Ka ba bulon tsara kwanan wata kowace irin lamba, karɓa zai yi ya fito maka da amsa mai kyan gani, ko da ƙarya ce.

Ga inda aka fi faɗawa. Kana so ka haɗa agogon ƙirga lokaci, a ce na gidan gem inda ake biyan kuɗi gwargwadon zaman da yaro ya yi a gaban talabijin. Ka ɗebe lokacin farawa daga lokacin yanzu, ka samu milisakan ɗin da suka wuce. Daidai ne zuwa nan. Sai ka ga ai akwai bulo a shirye mai mayar da lamba ta koma HH:mm:ss, me zai sa ka wahalar da kanka? Ka jona. Kana danna maɓallin farawa sai ka ga 01:00:00 maimakon 00:00:00. Daga ina awa ɗaya ta fito?

Daga ƙasarka ta fito, Malam. Shi wannan bulon bai san tsawon lokaci ka ba shi ba, a ganinsa lokacin agogo ne. Da ka ba shi sifili sai ya ce to, wannan ai 12 na daren 1 ga Janairu 1970 ce agogon GMT, bari in mayar masa da ita agogon ƙasarsu. Duk mai sauraron rediyo ya san yadda ake faɗa, ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, kullum da ƙarin awa ɗaya. Ita ce awar da ka gani. Ɗan uwanka da ke Kumasi in ya sa manhajar nan taka a wayarsa, 00:00:00 zai gani, ya rantse maka lafiyarta ƙalau. Wanda ke Indiya kuwa 05:30:00 zai gani. A Kano, Zinder, Garwa ko Njamena duk awa ɗaya ce ke hawa kai. Yaron da ya yi minti 40 yana buga ƙwallo sai allo ya nuna 01:40:00, mai shago ya ce kuɗin awa ɗaya da minti 40 zai biya, kuma ga shaida a waya, wa zai yi musu da waya?

Maganin da na ga wasu na ba juna shi ne wai ka ɗebe 3,600,000 daga lambar kafin ka jona, awa ɗayar ta tafi. Wannan ba gyara ba ne, ɗaurin talala ne. Ranar da wayar ta tsallaka Ghana, ko wani ya taɓa saitin agogon ƙasa, sai ƙirgar ta fara daga 23:00:00. Sannan bai taɓa babbar matsalar ba, wadda ita ce agogo ba ya wuce 23:59:59, zagayowa yake yi. A ce injin ban ruwa ka bayar haya ana biya duk awa, ya yi sakan 93,784 a gonar mutum. Wannan awa 26 ne da minti 3 da sakan 4. Bulon agogo zai cire awa 24 ya kai su gidan kwana inda ba ka nunawa, ya ƙara awar ƙasa, ya rubuta maka 03:03:04. In awa ɗaya naira 500 ce, kuɗin da ya kamata ya kai 13,000 ya koma 1,500.

Hanyar gaskiya ba ta da wuya, lissafin firamare ne. Raba milisakan da 1,000 ka samu sakan. Raba sakan ɗin da 3,600, cikakkiyar lambar da ta fito ba tare da ɗigo ba ita ce awanni. Abin da ya yi saura ka raba shi da 60, ka samu mintuna. Saura na ƙarshe shi ne sakan. Mu gwada da 93,784: a raba da 3,600 ya ba da 26, saura 184, a raba 184 da 60 ya ba da 3, saura 4. A App Inventor da Kodular ka duba cikin bulo na lissafi, akwai quotient mai ba da cikakkiyar lambar da remainder mai ba da saura. A Sketchware alamar % ce ke ba da saura. Abin da ya rage kwalliya ce: in lamba ba ta kai 10 ba ka liƙa mata sifili a gaba don ta fito 26:03:04 maimakon 26:3:4. Bulo shida ko bakwai ne, ka haɗa su sau ɗaya ka ajiye a matsayin aiki guda, duk inda kake buƙata ka kira shi. Wallahi bai kai wahalar canza gilashin waya ɗaya ba.

Wajen lissafin kuɗi ma akwai wani ramin. Awa ɗaya da rabi ana rubuta ta 1:30, sai mutum ya mayar da ita 1.30 ya ninka da farashi. Ba haka ba ne, 1.5 ce, domin minti 60 ne a awa, ba 100 ba. A naira 500, bambancin 750 da 650 kenan. Awa ɗaya da minti 45 kuwa 1.75 ce, 875 kenan, wanda ya rubuta 1.45 zai karɓi 725. Kuɗi kaɗan ne a ido, amma ka ninka shi da yawan mutanen da ke shigowa a wata. In da lambar sakan ka ajiye, ka raba da 3,600 ka ninka da farashi, babu ta inda wannan kuskuren zai shigo.

Kuma don Allah kada ka dogara da Timer yana ƙara 1 duk bayan sakan ka ce shi ne agogonka. Da zarar fuskar waya ta mutu ko mai ita ya leƙa WhatsApp, Android na iya kwantar da manhajarka don tattalin batir, tun daga Android 6 aka tsananta wannan, wayoyin da muka fi riƙewa a nan kuma wasunsu har kashe manhajar suke yi gaba ɗaya. Ƙirgarka ta tsaya, lokaci na tafiya. Ajiye lambar lokacin da aka fara, duk sanda za ka nuna ka ɗebe ta daga ta yanzu. Aikin Timer kawai ya riƙa sabunta abin da ke kan allo.

Yanzu mu dawo kan ajiye kwanan wata da rubutu, wanda shi ne ya fi yawa. Ka sani waya in za ta jera rubutu, harafi-harafi take bi daga hagu. A wurinta "10:05" na zuwa kafin "9:15" saboda 1 ta riga 9. Haka "01/02/2025" zai hau saman "15/01/2025" duk da cewa Janairu ta riga Fabrairu. Mai shago ya buɗe jerin masu bashi yana neman wanda ya fi daɗewa, sai ya samu an cakuɗa masa. Sannan ba za ka iya tambayar rubutu kwana nawa ne tsakanin wannan da wancan ba sai ka sake fasa shi ka mayar lamba, a nan kuma wata fitinar ke jiranka: rubutun na bin harshen wayar da ta rubuta shi. Watan da wayarka ta rubuta Apr, wayar abokinka na Maraɗi da ke kan Faransanci avr. za ta rubuta. Wasu wayoyin da aka saita da Larabci har lambobin da na Larabci suke fitarwa. Duk su zuba a rumbun bayanai ɗaya, ka zo karantawa manhaja ta tsaya cak. Ita kuwa lambar milisakan ba ta da yare.

Ko wajen sa rigar ma sai ka buɗe ido, domin haruffan nan babba da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ƙaramin mm minti ne, babban MM wata ne. Ka rubuta dd/mm/yyyy sai ka ga 14/37/2025, ka yi ta mamakin wane wata ne na 37. Babban HH awa 24 ne, daga 00 zuwa 23, ƙaramin hh kuwa daga 01 zuwa 12 ne, in ba ka ƙara masa harafin a ba to 2 na rana da 2 na dare duk 02:00 za su fito. Babban DD kwana na nawa ne a shekara, don haka ranar 1 ga Fabrairu 32 zai rubuta. A watan Janairu ba za ka taɓa gane akwai matsala ba. Wanda ya fi kowa mugunta shi ne babban YYYY. Shi shekarar mako yake bayarwa, kusan duk shekara daidai yake tafiya da yyyy, sai a 'yan kwanakin ƙarshen Disamba ya tsallaka. Ranar 30 da 31 ga Disamba 2025, misali, 2026 yake rubutawa. Rasit ɗin da aka yanka a ƙarshen shekara sai ya fito da kwanan watan da ba a kai ba tukuna. A wayoyin da ba su kai Android 7 ba ma ba su san harafin ba sam, manhajar faɗuwa take yi.

Abu biyu kuma da za su iya ruɗa ka in ka fara ajiye lambar. Na ɗaya, a Sketchware in ka mayar da ita rubutu da bulon toString mai ɗigo, za ka ga wani abu kamar 1.7E12. Lambar ba ta lalace ba, gajarta ta aka yi, ma'anarsa 1.7 sau 1 mai sifili 12. Yi amfani da wanda ba shi da ɗigo za ta fito cikakkiya. Na biyu, in ka ɗebo bayani daga wani shafi a intanet sai ka ga duk kwanakin sun koma 20 ko 21 ga Janairu 1970, to sakan aka ba ka ka ɗauke shi a matsayin milisakan. Ƙirga lambobin: guda 10 sakan ne, ninka da 1,000; guda 13 milisakan ne, bar shi yadda yake.

Sai maganar wace riga za ka sa, kuma a nan ne nake ganin muna da sakaci. Bulon FormatDateTime na App Inventor da tsarinsa yake zuwa, MM/dd/yyyy hh:mm:ss a, wata a gaba, rana a tsakiya. Ba laifinsu ba ne, Google ne ya fara yin App Inventor a 2010 kafin ya koma hannun jami'ar MIT, duk a Amurka, su kuwa haka suke rubuta kwanan wata. Mu a nan, da wanda ya yi boko da Turanci da wanda ya yi da Faransanci, rana muke fara rubutawa. In ka bar tsarin yadda ya zo, 03/04/2025 a wurin manhajarka 4 ga Maris ce, a wurin uwar adashi 3 ga Afrilu ce. Wata guda cur tsakaninsu. Wadda ta yi zubi a Maris za a ce a Afrilu ta yi, wadda kwasarta ta zo a ce da saura. Kuma abin ba ya tonuwa sai rana ta wuce 12 ga wata, sannan a ga 03/13 a fara tambaya. Ni shawarata, duk abin da mutum zai karanta ka rubuta watan da sunansa. Ka yi jerin watanni 12 da Hausa a cikin manhajar, Janairu zuwa Disamba, ka ɗauko lambar wata ka zaɓo sunan, ya fito 3 ga Afrilu 2025. Babu mai karanta wannan ta fuska biyu. In kuma dole sai lambobi, kamar sunan fayil, to ka bi tsarin duniya na ISO 8601, shekara, wata, rana: 2025-04-03. Shi kaɗai ne ko an jera shi a matsayin rubutu yake bin juna daidai.

AM da PM ma haka. Tsakani da Allah, mutum nawa ne za ka tare a kasuwa ka tambaye shi 12:00 AM rana ce ko dare ya ba ka amsa bai yi jim ba? Mun sha ganin wanda datarsa ta ƙare da tsakar dare yana nan yana jiran sai azahar ta gabato. Harshenmu ya fi wannan fayyacewa: na asuba, na safe, na rana, na yamma, na dare. Ka ɗauko awa da HH, ka sa bulon "in kaza ne" guda huɗu ko biyar, ya fito ƙarfe 2:30 na rana. Ko ka bar shi a awa 24, 14:30, wanda 'yan uwanmu na Nijar sun riga sun saba da shi. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenka a kai, kada zaƙin Hausa ya ɗebe ka ka sa manhaja ta riƙa rubuta "daren Juma'a". A al'adarmu daren Juma'a shi ne daren Alhamis wayewar Juma'a, wasu matasan kuma yanzu daren da ya biyo bayan yinin Juma'a suke nufi. Sa kwanan wata da lamba a gefe, a huta.

Na san abin da wani zai ce: manhajata ƙarama ce, ni da mutum biyar ne muke amfani da ita, kuma in na buɗe Firebase ina so in ga abin da zan gane, ba 1743678000000 ba. Maganarka tana kan hanya, ni ma idona ba ya karanta lamba 13. To ajiye biyun mana, gida ɗaya na lamba, gida ɗaya na rubutu don idonka. Sharaɗin kawai shi ne duk jerawa, duk ɗebewa, duk kwatantawa da lambar za a yi. Maganar ƙanƙanta kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau mutum biyar ne, gobe ɗayansu ya tura wa ƙaninsa da ke karatu a Sudan ko yayansa da ke aiki a Saudiyya, inda agogo ya wuce namu da awa ɗaya da awa biyu. Kuma bayanan wata shida da aka riga aka zuba da rubutu kala uku, gyaransu ɗaya bayan ɗaya da hannu ne.

Akwai dai inda ni kaina ba zan ce ka yi amfani da milisakan ba. Ranar haihuwa ba ta da awa, ba ta da ƙasa. In ka ajiye 1 ga Janairu a matsayin 12 na dare agogon Najeriya, wayar da ke Ghana za ta ja ta baya da awa ɗaya ta nuna 31 ga Disamba, ka canza wa mutum har shekarar haihuwa. Irin wannan ka ajiye shi a tsarin shekara-wata-rana, ko lambobi uku daban-daban. Haka lokacin da ke maimaituwa kullum, kamar buɗe shago ƙarfe 8, awa da minti kawai za ka ajiye. Milisakan na abin da ya faru ne a wani takamaiman lokaci: an biya, an karɓa, an fara, an gama.

In kuwa kuɗin mutane ne a ciki, kada ma ka yarda da agogon wayar mai amfani. Kowa na iya shiga saiti ya mayar da kwanan wata baya ya danna "na biya", ba a ma maganar wayar da aka canza wa batir jiya ba a saita ba. Firebase yana da hanyar da za ka ce masa shi ya buga lokacin da nasa agogon idan bayanin ya iso. Yi amfani da ita. Wasu kuma na tambaya game da shekarar 2038. Gaskiya ne, tsofaffin na'urorin da ke ajiye sakan a ƙaramin gida ba sa wuce 2,147,483,647, kuma za a kai wannan lambar ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogonmu. Amma milisakan ɗin da waɗannan bulon ke ba ka a babban gida yake, wannan ba damuwarka ba ce.

Masu Excel da Google Sheets, ga naku. Yaron shagonka ya yi awa 9:00, 8:30 da 9:00 a kwana uku, ka tara sai ka ga 2:30. Cutar ɗaya ce da ta injin ban ruwa, agogo ne ya zagayo. Lissafin na nan daidai a ƙasa, rigar ce ba tasa ba. A Excel ka shiga wurin tsara gidan ka rubuta [h]:mm, da h ɗin a cikin baka mai kusurwa, zai koma 26:30. A Google Sheets ka zaɓi Duration. In za ka fitar da kuɗin aiki, ninka gidan da 24 tukuna sannan da farashin awa, tunda shi a kwana yake ƙirgawa.

Kafin ka tura wa kowa manhajarka, ba ta minti goma ka gwada ta da mugunta. Shiga saitin waya ka kashe agogon atomatik. Mayar da ƙasar Ghana ka duba, sannan Saudiyya. Kai kwanan wata 31 ga Disamba ƙarfe 11:58 na dare ka zauna ka ga yadda za ta tsallaka. Gwada 13 ga wata, gwada 1 ga Fabrairu, gwada 29 ga Fabrairu 2028. Canza harshen wayar zuwa Faransanci ka shigar da bayani ɗaya, ka dawo da shi ka ga ko zai karantu. Fara ƙirga lokaci, kashe fuskar wayar, ja agogo gaba da awa 26 ka buɗe. In ka gama kada ka manta ka mayar da agogon kan atomatik, in ba haka ba WhatsApp ɗinka ne zai fara ƙin buɗewa.